Tafintan Suruki a Alƙahira

Tun a cikin jirgi na gane irin tafiyar da ke gabanmu. Ma'aikaciya ta ajiye mana abinci, nawa da na Baba, kujerunmu kuma manne da juna. Ni ban buɗe nawa ba don yana zaune. Shi bai buɗe nasa ba don ina zaune. Da ta dawo ta tarar da su yadda ta bar su, sai ta tambaya ko azumi muke yi. Na ce mata a'a. Haka muka sauka Alƙahira da yunwa, ba wanda ya hana mu ci.

Baba surukina ne, mahaifin matata Luba. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa furta shi ba. Ɗan kasuwar albasa ne a Argungu, yana saye daga manoman Augie yana lodi zuwa kudu. Ni kuwa a lokacin wakilin gidan rediyo ne a Birnin Kebbi, muna cikin Jihar Sakkwato, ina zaune a unguwar Nasarawa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin kansa ba hula ba, shi ma bai taɓa ganin na kai loma baki ba. In na je gaisuwa, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in tsuguna nesa da tabarmarsa, in dubi ƙasa. Ba ya kiran sunana. Malam yake ce mini.

Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa. Ƙafafu su kumbura, jini ya yi ƙasa, a ƙara masa, ya farfaɗo ya koma kasuwa, bayan 'yan watanni a sake kwantawa. Da likitan Sakkwato ya ce sai dai ƙasar waje, aka duba cikin dangi. 'Ya'yansa maza na gona ne da kasuwa, ba mai jin Turanci. Luba tana jego. Ni kaɗai ke da fasfo da Turanci da ɗan Larabcin makaranta. Ba wanda ya ga dacewar abin, ba kuma wanda ya ga wata hanya.

A bakin filin jirgi wani dogo mai jallabiya ya hango hulunanmu, ya taho da fara'a.

"Maraba da 'yan uwa! Daga wane gari?"

Hausarsa irin ta waɗanda kakanninsu suka kama hanyar hajji a ƙasa suka maƙale a Sudan ce. Ya ce sunansa Usumanu. Da Baba ya ce Argungu, sai ya tafa hannu.

"Garin manyan kifaye! Alhaji, ai ka zo gida. Likitan ƙoda da ya fi kowa a garin nan, ni nake kai masa mutane."

Na ji sanyi a raina. Ba don likitan ba. Don an sami mutum na uku da zai tsaya tsakanina da Baba.

Ya sama mana masauki a wani tsohon bene, cikin lungun da masu gasa burodi suka cika. Shi ya tallabi Baba har sama, ni ina biye da kaya. Da aka buɗe ƙofa, Baba ya tsaya yana kallon gadaje biyu.

"Malam, ɗaki guda na?"

"Guda ne, Baba."

Baba ya buɗe jakarsa ya ciro gwado, ya ajiye a bakin gado, ya juya baya. Na kwance igiyar da aka ɗaure kayanmu, na ɗaura ta daga taga zuwa ƙusar bango, na rataya gwadon. Ɗaki ya zama biyu. In na sayo abinci, sai in tura nasa ta ƙarƙashin gwado, in ɗauki nawa in fita matakala. In zai kewaya, sai ya yi gyaran murya, ni kuma in tuna ina da abin saye a waje.

Mai gidan wata tsohuwa ce mai jiki, ana ce mata Ummu Samir. Ta ci karo da ni a matakala ina cin wake da burodi, ranar farko ta wuce, ta biyu ta tsaya.

"Mahaifinka ne?"

"Mahaifin matata."

"Faɗa kuka yi?"

Na yi mata bayani da Larabcina na littafi, wanda yaran lungu ke yi wa dariya, cewa a wurinmu girmamawa ce. Ta riƙe ƙugu.

"A nan suruki da suruki a tebur ɗaya suke zagin juna, kuma sun fi ku ƙiba."

Likitan Usumanu yana saman wani shagon takalma. Mutum ne mai zobba da yawan murmushi. Ya ja fatar idon Baba ƙasa, ya duba, ya girgiza kai. Ya tambaye ni da Turanci ko an taɓa yi masa ƙarin jini, kuma sau nawa.

A nan ya kamata in juya in tambayi mai jikin. Ban juya ba. Dalili kuwa, cikin ƙarin jinin da na sani, ɗaya nawa ne. Shekarar da ta gabata, da aka kwantar da shi a asibitin Birnin Kebbi aka rasa wanda nasa ya dace, na ba da nawa, na roƙi malamar asibiti ta ce daga ma'ajiyarsu ya fito. Dattijo kamar Baba ya ji cewa jinin mijin 'yarsa ke yawo a jikinsa, wannan nauyi ne da ban so in ɗora masa ba. In na buɗe zancen jini, ban san inda zai tsaya ba. Sai na faɗi iya abin da na gani da idona.

"Sau biyu ko uku."

Likita ya ce jini ne ya ƙare, maganinsa ƙarfe. Ya rubuta allurar sinadarin ƙarfe, da maganin sha mai kauri baƙi, ya ce a riƙa ba shi hanta. Usumanu yana gefe yana ta "Ka ji ko, Alhaji? Ka ji manya?"

Muka yi ta hawa benen nan muna sauka. Baba bai yi sauƙi ba. Amai ya ƙaru, shaƙuwa ta kama shi, jiki na ƙaiƙayi. Tun a gida fatarsa ta fara sauya launi, mutane na cewa ranar kasuwa ce ta dafa shi. A nan, inda ba ya shiga rana, na ga ashe ba baƙi ba ne, toka-toka ne, kamar gindin tukunyar ƙarfe. Gaɓoɓin yatsunsa suka yi tsami har carbi ya gagare shi ja. Duk wannan ta gefen ido na gani, don ban taɓa tsayawa na kalle shi sosai ba.

Abin da ke ɗebe masa kewa ƙaramar rediyonsa ce. Tashar gida ba ta kamuwa a can, amma yakan yi ta murɗawa har ya tsinci Hausa daga wata ƙasa, ko da cikin shuuu ne. Wata rana ta fara ɗaukewa, Usumanu ya ce ya san mai gyara, ya karɓe ta. A ranar ce kuma na riga shi saukowa daga wurin likita, na dawo ɗaukar gorar ruwan Baba, na tarar akawun likita yana danƙa wa Usumanu kasonsa na kuɗin allurar ranar. Ya gan ni, na gan shi. Bai sake zuwa ba. Rediyon ma ba ta dawo ba.

Baba bai tambaye ni ina Usumanu ba. Ya dai ce daga bayan gwado, "Allah shi isar muna."

Ummu Samir ce ta fitar da mu. Ta ji aman Baba tun daga ƙasa, ta hawo, ta shigo ba sallama, ta sa hannu ta yaye gwadon nan gaba ɗaya. Ni na runtse ido. Ita kuwa ta sunkuya ta dube shi, ta shinshina numfashinsa, ta ce irin wannan warin ta ji a bakin mijinta kafin ya rasu. Ta zage ni, ta zagi likitan saman shago, ta zagi Usumanu da kakanninsa, sannan ta yafa mayafi ta tare mana mota da kanta. A babban asibitin da ke bakin kogi, da faɗa ta keta layi, tana nuna Baba tana cewa baƙo ne, baƙon Allah, ku ji tsoron Allah.

A hanya ne Baba ya ga kogin Nilu. Ya daɗe yana kallo ta taga.

"Gulbin ga ya hi namu girma," ya ce, kamar da kansa yake. "Amma ba ka ganin fadama. Yanzu can gida an soma yankan shinkafa."

Ni ma a ranar ƙanshin sabuwar shinkafar garin Gulma nake ji a hancina, a kunnena kuma kukan jaririn da na baro ko suna ba a daɗe da yi ba.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, 'yar siririya, da ƙaramin zanen gicciye a wuyan hannunta. Ta sa aka fara yi wa Baba wankin ƙoda, ta ɗebi jini ta aika gwaji. Tambayoyinta ba su da lulluɓi. Fitsari sau nawa, yaya launinsa, yana kumfa? Bayan gida baƙi ne? Ni mutum ne da aka horar a kan faɗin magana daidai. Na karanta labarin ambaliya da na juyin mulki murya ba ta girgiza ba. Amma a ɗakin nan sai na ji bakina yana cewa, "Baba, tana tambayar jiki." Shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni kuma in juya in ce mata ba laifi.

Ta ajiye alƙalami. "Tambayata doguwa ce. Taka gajera ce."

Na ce harshenmu haka yake. Ƙarya na yi wa Hausa.

Da sakamakon gwaji ya fito ta kira ni gefe, ta yi mini bayani a tsanake. Jinin Baba kaɗan ne, wannan gaskiya ne, amma ba ƙarfe ya rasa ba. Ma'ajiyar ƙarfen jikinsa ta cika ta batse. Ƙoda mai lafiya ita ke aika wa ɓargo saƙo ya yi jini. Tasa ta daina aikawa, don haka ko an ɗura masa ƙarfen duniya ɓargo ba zai motsa ba. Kuma duk jinin da aka ƙara wa mutum da ƙarfensa yake shiga. Jinin ya tsufa ya ƙare, ƙarfen ya zauna, jiki ba shi da ƙofar fitar da shi. Sai ya taru a hanta, da zuciya, da fata. Na ce a raina, rumbu cike da shinkafa shanshera, ba mai sussuka, mu kuma muna ta ƙara ɗurawa.

"Sai dai," ta ce, "ƙarin jini biyu ko uku ba sa tara wannan. In haka ne, to wata cuta ce daban a hantarsa, kuma dole in soka allura in ciro tsoka kaɗan in duba. Mai ciwon ƙoda jininsa ba ya saurin tsayawa. Ana iya yi a tashi lafiya, ana iya yi ya yi ta zuba a ciki. Ba na son yi sai dole. Ka tabbata biyu ko uku ne?"

Na ce na tabbata.

Ta sa ranar Asabar. Da na koma wurin Baba ya ce, "Mi tac ce?" Na ce za a ƙara bincike.

Daga nan zuwa Asabar ban zauna ba. Na je ofishin wayar tarho na wuni a layi, ko zan sami wani a gida ya tambayi 'yan uwansa. Da ƙyar aka haɗa ni da ofishinmu na Birnin Kebbi, na ji muryar masinja yana ta "Wa ke magana?", layi ya yanke. Na samo wani Bakano ɗan kasuwa a masallaci, ya yarda zai yi mana tafinta. Da na gaya wa Baba, ya ce, "Baƙo guda ya ishe mu, Malam." Sau da yawa na tsuguna a gaban gwado da tambayar a bakina.

"Baba."

"Na'am, Malam."

"Ko a buɗe taga?"

"Bar ta hakanan."

Ina sane da abin da nake yi. Ina auna kunyata da ran mutum, kuma kunyar ke rinjaye. A gida ana yaba mini da ita. Surukata takan ce ba ta taɓa ganin yaro mai kawaici irina ba. A can sai na ga kawaicin nan da idon basira, ban ga kyansa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka kwantar da Baba, aka cire masa riga, hula dai tana kansa. Ni ina tsaye ina kallon ƙofa. Malamar asibiti ta turo tire, ta yaye ƙyallen da ke kai. Allurar ta kusa tsawon tsinken tsire. Likita tana wanke hannu.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Wagga allura ta hi ƙarhin abin da kac ce."

Ya ci gaba, idonsa na kan allurar.

"Kullum ni ka saurarenka ga rediyo. Na san muryarka in labari kaka karantawa, na kuma san ta in takardar gwamnati anka miƙo maka. Tun da munka zo garin ga, muryar takarda kaka yi mani."

Baba ya nuna labulen da ke zagaye da gadon.

"Ja wanga. Tsaya baya nai. Rediyona an sace, to yau kai na rediyon. Rediyo ba shi da suruki. Abin da tac ce, hwaɗi shi yadda tac ce."

Na roƙi likita ta dakata. Na ja labule, na tsaya a bayansa, na fuskanci bango. Na gyara tsayuwa yadda nake yi in jar fitila ta kama a ɗakin watsa labarai, na ja numfashi, sai ga muryar aiki ta fito da kanta. Na gaya masa abin da ƙoda ta daina yi, da inda ƙarfe ya taru, da abin da allurar za ta ciro, da haɗarin da ke ciki. Na gaya masa cewa ni na ce sau biyu ko uku, ban tambaye shi ba. Sannan na jero tambayoyin likita duka, tun daga na ranar farko, kowace da sunanta. Fitsari na ce masa fitsari.

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ba gargada, kamar mai cinikin buhu. Ya ƙara da abin da ba a tambaya ba, cewa shekaru ke nan duk ranar kasuwa mai kemis na yi masa allurar ƙarfe, wadda ake ce wa ta ƙarin jini. Da aka zo kan ƙarin jini na asibiti, ya ɗan tsaya.

"Ƙidaya ban sani ba. Mutane ni sani."

Ya fara. Ƙanensa Ummaru, a Argungu, ba sau ɗaya ba. 'Ya'yansa, kowane da garin da ya ba da nasa. Ɗanjumma mai lodi. Liman na unguwarsu. Bulus direban motarsa, Kirista ɗan Filato, "wanda yac ce in yi haƙuri, nashi jinin da ɗan burkutu ciki." Wani Bazabarme da bai san shi ba, ranar da ya faɗi a kasuwar ƙetaren iyaka. Masunta biyu 'yan gida ɗaya. A Sakkwato, a Argungu, a Birni, har da wani asibitin mishan a kudu da ko 'ya'yansa ba su sani ba. Ina fassarawa, ina hango likita ta gefen labule tana naɗe yatsu. Hannayenta suka ƙare, ta sake farawa, can ta bari.

Na ɗauka Baba ya gama.

"Sai Sahabi," ya ce.

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

"Bara da kaka, asibitin Birni. Yac ce a ce mani na asibiti na. Ya zo gaisuwa da filasta ƙarƙashin hannun riga, shina tsugunne jiri na ɗibar shi." Ya yi tari. "Hwaɗa mata. Rediyo ba shi tsallake labari."

Na faɗa mata. Ta tambaya wane ne wannan na ƙarshen. Na ce ni ne.

Ta mayar da ƙyalle ta rufe tiren, ta ce a fita da shi. Ba sauran buƙatar taɓa hanta, ta ga inda ƙarfen ya fito. Da za ta wuce ta tsaya kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Kai ka ce ka tabbata."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Aka tsayar da duk wani maganin ƙarfe. Aka riƙa sa masa wani magani lokacin wanki, mai janyo ƙarfen yana fitarwa a hankali, jini kuma ba a ƙara masa sai in ba makawa. Muka zauna har sanyin garin ya wuce. Ƙodar ba ta warke ba, likita ba ta taɓa cewa za ta warke ba. Amma Baba ya sami ƙarfin da ya koma Argungu da ƙafarsa, ya ga jikansa ya fara rarrafe, ya rasu a ɗakinsa cikin mutanensa. Har ya bar duniya bai sake kiran sunana ba, ni ma ban sake ɗaga ido na dube shi ba.

Sai dai ranar Asabar ɗin nan, da muka koma masauki da yamma, Ummu Samir ta aiko da shinkafa marar gishiri a kwano ɗaya. Na tura ta ƙarƙashin gwado kamar kullum, na juya zan fita matakala in nemi burodi. Kafin in kai ƙofa na ji ƙarar kwano a kan daɓe. Ya dawo ta ƙarƙashin gwadon, an raba shinkafar biyu da gefen hannu, an kwashe rabi a murfi.

"Malam, ci nan. Ba ni ganin ka."

Na zauna na ba gwado baya. Na daɗe da loma a hannu. Sai da na ji yana tauna tasa, sannan na kai tawa baki.